Ƙawanyar Diyen Biyen Fu: igwa ce ta ci sansanin, ko shinkafa da shebur?

Habu Ɗan Makaranta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da yaƙin Diyen Biyen Fu na 1954, inda mayaƙan Biyet Min, masu neman 'yantar da Biyetnam daga mulkin mallaka, suka ritsa sojojin Faransa a wani kwari na arewacin Biyetnam har kwana 56. Faransa na da jirage da tankoki, ga Amurka na biyan mafi yawan kuɗin yaƙin. To me ya kai manyan hafsoshinta su zuba soja sama da 10,000 a ƙasan ƙwarya, duwatsu zagaye da su? Wauta ce tsagwaronta, ko da dalili?

Baba Saje:
Wa alaikumus salam. Habu, ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka kira su wawaye, duba abin da ya faru a Na San a ƙarshen 1952. Can ma sansani ne a cikin daji, filin jirgi a tsakiya, tungaye kewaye da shi. Janar Giap, babban kwamandan Biyet Min, ya afka masa, ya yi asarar mutane masu yawa, ya janye. A Agustan 1953 Faransawa suka kwashe mutanensu ta jirgi salin alin. Sai suka ɗauka sun gano lagon yaƙin: ka kafa sansani mai filin jirgi, abokin gaba ya zo ya fasa kansa a jikin wayarka, ranar da ka gaji ka hau jirgi ka yi gaba.

Janar Navarre ya karɓi ragamar sojojin Faransa na Indocina (Biyetnam, Lawos da Kambodiya) a Mayun 1953, kuma yana ganin wajibinsa ne ya tsare Lawos. Diyen Biyen Fu na kan hanyar da ke kai mutum Luang Prabang, birnin sarkin Lawos. Ran 20 ga Nuwamba 1953 aka zubo sojojin laima suka kama kwarin. Tsawonsa wajen kilomita 17 ne, faɗinsa 5 zuwa 7, fadamar shinkafa ce shimfiɗe, kogin Nam Yum ya ratsa ta. Inda lissafin ya karkace: a Na San tudun da ke leƙen filin jirgin yana hannunsu, kuma Giap bai da manyan igwogi a lokacin. A nan kuwa manyan duwatsun an bar wa abokin gaba, Hanoi kuma tana can wajen kilomita 300 ta sama. Babu hanyar mota ko ɗaya da Faransa ke riƙe da ita. Gishiri, harsashi, buhun yashi, komai sai jirgi ya kawo.

Malam Ilu:
Baba ya kawo tushen. Ni dai a wurina igwa ce ta yanke hukunci, sauran duk bayani ne. Kwamandan igwogin Faransa, Kanar Piroth, yana da igwa 24 masu bakin milimita 105 da guda 4 masu bakin 155. Ya bugi ƙirji cewa Biyet Min ba za su iya hawo da manyan igwogi kan waɗannan duwatsu ba, in sun hawo da su ba za su samu harsashin ci da su ba, in kuma sun harba zai gano su ya murƙushe su nan take. Hujjarsa ta makaranta ce. Ƙa'idar da aka koya masa ita ce igwa tana zama a bayan dutse, ta cilla harsashi ya tsallako. Wanda ya bi wannan ƙa'ida a can zai yi nisa da filin jirgin ƙwarai, kuma jirgin leƙen asiri zai hango shi a sarari.

Biyet Min suka ƙi bin littafin. Suka haƙa wa kowace igwa kogonta a fuskar dutsen da ke kallon kwarin, aka yi rufi da guma-guman itace da ƙasa mai kauri, aka bar 'yar ƙofa daidai bakin igwar, aka lulluɓe da ganye ɗanye da ake sauyawa kafin ya yi yaushi. Mai harbi yana ganin abin da yake harbi da idonsa. Sannan suka gina ramukan bogi, suna tayar da 'yar nakiya a ciki daidai lokacin da igwar gaske ta yi aman wuta, Faransawa su yi ta ɓarnar harsashi a kan itace da toka. Ran 13 ga Maris 1954 da yamma aka buɗe wuta a kan tungar Beatrice. Harsashi ya faɗa ramin kwamandan bataliyar, Manjo Pegot, ya kashe shi, jim kaɗan wani ya kashe Laftanar Kanar Gaucher. Kafin gari ya waye tunga ta tafi. Ran 15 ga wata Gabrielle ta bi sahu. Piroth ya shiga raminsa ya zare gurneti ya kashe kansa. Wace shaida ake nema bayan wannan?

Injiniya Auwalu:
Allah ya gafarta Malam, tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya sa harsashi guda ya iya ratsa rufin ramin kwamanda. Tun ran gini tun ran zane. Shugaban injiniyoyin sansanin, Manjo Sudrat, ya yi lissafi tun farko cewa in ana son ramukan su jure harsashin 105, ana bukatar kayan gini tan 36,000. Jirgin Dakota yana ɗaukar wajen tan 2 da rabi. Ku raba da kanku ku ga sawu nawa ke nan, alhali jiragen nan su ne ke kawo abinci da harsashi da mutane. Abin da ya iso bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma wajen tan 3,000 na abin da jirgi ya kawo waya ce mai ƙaya.

Rufin da ke tare harsashi irin wannan hawa-hawa ake yinsa. Daga ƙasa jeri biyu na itace mai kauri a gicciye, a kansa ƙasa dandaƙaƙƙiya wajen mita ɗaya, can sama kuma wani abu mai tauri, dutse ko ƙarfe, wanda zai sa harsashin ya fashe a waje tun bai nutse ba. In babu wannan na saman, harsashi mai jinkirin fashewa zai huda ƙasar kamar ƙusa ya tashi a cikin ɗaki. Yawancin ramukansu jeri ɗaya ne na itace da buhunan yashi. Don neman itacen ma suka rushe gidajen mutanen ƙauyukan kwarin, suka sare duk wata bishiya da ke kusa. Sakamakon haka sansanin ya zama tsirara. Wanda ke kan dutse da tabarau yana ƙirga eriyar rediyo, kuma inda eriya ta yi yawa nan manya suke. Igwogin Faransa kansu a buɗaɗɗun ramuka suke, babu rufi, don a iya juya su kowace fuska.

Malama Rabi:
Malam Ilu, da girmamawa, igwar nan ba da ƙafarta ta zo ba, kuma masu harba ta ba iska suke ci ba. Ku zo mu yi lissafin tukunya. Mayaƙa wajen 50,000 ne suka yi ƙawanyar. In ka ba kowa shinkafa giram 800 a rana, tan 40 ke nan kullum, ban da gishiri, ban da masu gyaran hanya da 'yan dako. Lardin Thanh Hoa, inda shinkafa mai yawa ta fito, ya kai kilomita 500 daga fagen daga. Ɗan dako na ɗaukar kilo 25, ya yi kilomita 20 a dare. Kwana 25 zuwa, 25 dawowa. Cikinsa kaɗai zai cinye kilo 40. Wato da kai da kafaɗa zalla, kayan zai ƙare tun bai iso ba. Wannan lissafin ne ya kwantar wa hafsoshin Faransa hankali, kuma a kan takarda ba su yi kuskure ba.

Abubuwa uku suka rusa shi. Na farko keke. Sun ɗauki kekuna, da yawansu Peugeot ne ƙirar Faransar kanta, suka ƙarfafa firam da katako da ƙarfe, suka ɗaura gora a kan hannu don tuƙi, wata sanda a mazaunin sirdi don turawa da riƙe nauyi a gangara, suka naɗe tayoyi da tsumma don kada su fashe. Ba hawa ake yi ba, turawa ake yi. Keke ɗaya na ɗaukar kilo 200 zuwa 300, mutumin kuma cikinsa ɗaya ne. Alƙaluman Biyetnam sun ce kekuna sun haura 20,000, 'yan dako wajen 260,000. Na biyu, manyan motoci ƙirar Rasha wajen 600 da suka shigo ta Sin, aka raba musu hanya zango-zango, kowane direba ya haddace nasa yankin har yana bin sa da dare ba fitila. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, sun tara fiye da tan 7,000 daga mutanen yankin arewa maso yamma kansa, wanda bai bukatar doguwar tafiya. Da shanshera ta yi yawa ba injin casa, sojoji suka sassaƙa duwatsun niƙa a bakin daga.

Ko girkin sai da aka yi masa dabara. Murhun da suke kira Hoang Cam a rami ake haƙa shi, a ja wa hayaƙin ƙananan kwatoci a ƙasa, a rufe da rassa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, hayaƙin ya bazu ya fito kamar raɓar safe. Matuƙin jirgi ba ya ganin komai, soja kuma ya ci abinci da zafinsa.

Habu Ɗan Makaranta:
Anti Rabi, to jiragen Faransa suna ina? Ai hanya ba ta ɓuya.

Malama Rabi:
Sun yi ta ruwan bama-bamai, ƙanena, musamman a mahaɗar Co Noi da hawan Pha Din, wuraren da ba makawa sai an bi. Sai dai dubban mutane na kwance a gefen hanya da diga da kwando. Jirgi na juyawa su fito su cike ramin, kafin asuba mota ta wuce. An bar wasu a kan tudu aikinsu kawai ƙirga bom ɗin da ya faɗi bai tashi ba, su kafa masa alama. Inda daji ya yi sarari aka ɗaure kawunan bishiyoyi suka zama rumfa. Jiragen Faransa kuma ba su da yawa, an rarraba su, domin Navarre ya buɗe wani babban farmaki mai suna Atlante a tsakiyar ƙasar a daidai wannan lokaci.

Baba Saje:
Malam Ilu da Malama Rabi, ku duka biyun kun tsallake ranar da aka ci yaƙin, 26 ga Janairu 1954. Shirin farko, wanda mashawartan Sin ma suka amince da shi, shi ne a afka gaba ɗaya a gama cikin kwana biyu zuwa uku. Aka sare hanya ta kilomita 15 a kan dutse, aka cire igwogi daga motoci, mutane suka riƙa jansu da igiya. Kowace ta haura tan 2. Mutane da yawa a kan igiya, wasu biyu na bin taya da waigi, a ja taku ɗaya a danna waigi. An yi zaton dare 3 zai isa, aka kwana 7 ba a gama ba. Da safiyar ranar da za a kai harin, Giap ya duba ya ga igwoginsa a fili suke ba rami, Faransawa sun ƙara ƙarfi, sojojinsa kuma ba su taɓa yaƙin rana a shimfiɗaɗɗen fili da tankoki ba. Ya ce a fasa, a mayar da igwogin inda aka ɗauko su. Ku auna yadda wannan umarni ya faɗo a kunnen wanda tafin hannunsa ya saɓule da igiya. A wajen mayarwar ne igiya ta tsinke, wani soja mai suna To Vinh Dien ya tare taya da jikinsa ya mutu.

Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Da ya kai hari a Janairu, da abin da Navarre ke addu'a ya samu ke nan, Na San ta biyu. Makonni shida da ya ƙara su suka haifi kogunan da Malam Ilu ke yabo da rumbunan da Malama ke ƙirgawa.

Malam Ilu:
Na karɓi wannan, Baba, amma bai rushe maganata ba. Me ya kashe filin jirgin? Igwa. Tun daren farko titin ya shiga hannun masu harbi. Jiragen ɗaukar masu rauni suka koma saɓaɗowa da dare, ɗaya ya yi ta ƙara a sama don ya rufe sautin ɗan uwansa da ke sauka da inji a rage. Ran 28 ga Maris aka lalata na ƙarshe a ƙasa, shi ne ya bar ma'aikaciyar jinya Genevieve de Galard a cikin sansanin. Daga ranar babu wanda ya sake fita.

Alhaji Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Ina so a gyara kalmar "Faransawa" da ake ta maimaitawa. 'Yan asalin Faransa tsiraru ne a cikin ramukan nan. Akwai sojojin haya na rundunar baƙi, Jamusawa da yawa a cikinsu. Akwai 'yan Aljeriya, su suka riƙe Gabrielle. Akwai 'yan Maroko, da 'yan ƙabilar Tai na yankin, da 'yan Biyetnam ɗin kansu, har da bataliya guda ta sojojin laima. Akwai kuma baƙaƙen fata na Afirka ta Yamma, galibi a wajen igwa. Daren 30 ga Maris, da tungayen Dominique suka faɗi, mayaƙan Biyet Min suka kwararo za su tsallaka kogi su shiga tsakiyar sansani. Rukunin igwa na Laftanar Brunbrouck, wanda masu harbinsa 'yan Afirka ne, ya ƙi janyewa. Suka kwantar da bakin igwogin daidai ƙirjin mutum suka yi ta harbi a kusa, harin ya karye. Ba don su ba da wataƙila an gama tun daren.

Yaƙin Indocina gaba ɗaya ya ɗebi samari daga ƙasashenmu da Faransa ta mallaka. Lamizana na Volta (Burkina Faso ta yau), Eyadema na Togo, Bokassa na Afirka ta Tsakiya duk sun yi soja a can kafin su zama shugabanni.

Mu ma nan Nijar an yi irin wannan ƙawanya. Kawusan da Sarkin Agadas Tagama sun ritsa sojojin Faransa a barikin Agadas daga Disambar 1916, har da igwa a hannunsu. Abin da ya ceci barikin shi ne dakarun ɗauki da suka taso daga Damagaram suka iso ran 3 ga Maris 1917. Wanda aka yi wa ƙawanya ba ya fitar da kansa, sai an zo daga waje. A Diyen Biyen Fu an tura wata runduna daga Lawos ƙarƙashin Kanar Crevecoeur, amma ƙarama ce, ta makara, ba ta iso ba.

Habu Ɗan Makaranta:
Alhaji, an ce wasunsu ma guduwa suka yi. Ina za a gudu a cikin ƙawanya?

Alhaji Ɗan Damagaram:
'Yan Tai da ke tungar Anne-Marie gida suka tafi ran 17 ga Maris, ƙauyukansu na bayan duwatsun, kuma an daɗe ana jefa musu takardu ana kiransu. Sauran kuwa cikin sansanin suka gudu. Suka haƙa ramuka a gaɓar kogi suka ɓuya, da dare su fito su kwashi kayan da aka jefo. Aka sa musu suna ɓerayen Nam Yum, kuma sun kai dubbai, daga kowane jinsi. Ba na saurin zaginsu. Mutum ne aka ɗauko daga ƙauyensa ya mutu don wani ya ci gaba da mulkin ƙasar wani.

Injiniya Auwalu:
Bari in shigar da shebur, don Malam da Malama sun bar shi a baya. Harin ƙarshen Maris a kan tuddan gabas ya ci wa Giap mutane ƙwarai, musamman a Eliane 2, wadda 'yan Biyetnam ke kira A1. Har gwiwar sojojinsa ta fara sanyi a Afrilu, sai da aka yi ta tarukan zaburarwa. Daga nan ya koma haƙa gadan-gadan.

Ga yadda aikin yake. Da magariba layin mutane zai rarrafo, kowa da guntun shebur, tazarar 'yan taku tsakaninsu. Kowa ya fara haƙa a kwance har ramin ya ɓoye jikinsa, sannan a durƙushe, sannan a tsaye, sai ya haƙa gefe ya haɗe da na maƙwabcinsa. Zurfin ya kai tsayin mutum. Ba a miƙe ake jan ramin ba, karkace-karkace ake yi, don in harsashi ya faɗa ciki ɓaraguzansa su tsaya a kwana ta gaba. A gaban mai haƙan farko ana mirgina wani ƙaton dami na ciyawa da itace ya tare masa harsashin bindiga. Akwai babban rami da ya zagaye sansanin, wanda ya yanke tungar Isabelle da ke wajen kilomita 6 a kudu, daga jikinsa kuma rassa ke miƙewa zuwa kowace tunga. Da rana sojojin sansani su fito su cike, su binne nakiya, da dare a sake tonewa. Mai cikewa ya fi mai haƙa gajiya, don shi ba shi da wanda zai karɓe shi.

Amfanin abin shi ne fili mai faɗin mita ɗaruruwa, wanda mashinga ke share duk mai ratsa shi, ya koma 'yan mitoci. Wani lokaci ramin ta ƙarƙashin waya yake bi ya ɓullo a cikin tunga. Haka aka shaƙe tungar Huguette 6 har aka bar ta ran 18 ga Afrilu, bayan kai mata jarkar ruwa kawai ya zama yaƙin dare guda. Huguette 1 ta faɗi bayan 'yan kwanaki, rami ya ratsa titin jirgin kansa.

Malama Rabi:
Kuma kowane taku na shebur ɗin Injiniya yana rage faɗin tabarmar da ake jefa wa sansani abinci. Nan maganar ta dawo gidana. Mutanen ciki na bukatar tan 150 zuwa sama kullum. Bindigogin kakkaɓo jirage masu bakin milimita 37 suka tilasta wa matuƙa tashi daga ƙasa da mita 1,000 zuwa wajen mita 2,500. Daga wannan nisa iska ce ke zaɓar inda laima za ta sauka, filin kuma ya tsuke bai fi murabba'in kilomita ɗaya zuwa biyu ba. Kaso mai tsoka ya riƙa faɗawa hannun Biyet Min. Su da kansu sun ce sun tsinci harsashin 105 wajen 5,000, kuma igwoginsu ƙirar Amurka ne irin na Faransa sak, harsashin ya shiga daidai. Malam Ilu, ka ga igwarka ma a ƙarshe jirgin Faransa ke ci da ita.

Wanda ya faɗo a ciki ma sai an tattara. Manyan jiragen C-119, waɗanda wasunsu matuƙa farar hula 'yan Amurka ke ja, suna sako ɗauri mai nauyin tan guda. Motocin sansanin sun ƙone ɗaya bayan ɗaya, sai mutum ya fasa ɗaurin a fili ana harbinsa, ya ɗauka a ka cikin caɓi.

Dakta Hauwa:
Akwai nauyin da ba ku sa a sikeli ba, masu rauni. An gina asibitin ƙarƙashin ƙasa da gado 40 da 'yan kai, bisa zaton duk wanda aka yi wa aiki jirgi zai kwashe shi zuwa Hanoi washegari. Da titin ya mutu, Dakta Grauwin da abokan aikinsa suka wayi gari da ɗaruruwa, daga baya dubbai. Aka riƙa ƙwace ramukan kwana da na ajiya ana shimfiɗa mutane hawa-hawa. Damina ta sauka a Afrilu, ramukan da ba su da magudana suka cika, bango ya riƙa zabtarewa. Rauni a cikin laka ruɓa yake yi, shi ya sa yanke ƙafa da hannu ya yawaita, domin ɗinkin jijiya na son lokaci da tsabta, babu ko ɗaya. Raunin ciki ya fi kisa. Tsutsa ta cika bandeji, Grauwin ya riƙa kwantar wa majinyata hankali cewa mataccen nama take ci, ta bar mai rai, kuma gaskiya ya faɗa.

Ta fuskar yaƙi, kowane majinyaci yana cin abinci, yana shan ruwa, yana tare rami, yana riƙe hannun mai lafiya. Shi ya sa shirin fasa ƙawanya a tsere ta daji ya zama magana kawai. Ɗaya ɓangaren ma sun sha wuya, likitocinsu ƙalilan ne, Farfesa Ton That Tung na cikinsu. Bambancin shi ne nasu majinyacin ana iya ɗauke shi a kai shi baya.

Malam Ilu:
Duk da haka mutane suka yi ta faɗowa da laima. Fiye da 4,000 aka ƙara a lokacin ƙawanyar, ɗaruruwa daga cikinsu ba su taɓa tsalle daga jirgi ba sai daren.

Baba Saje:
Jarumta ce, amma ɗigo-ɗigo aka yi ta zuba su, kamfani ɗaya yau, rabi gobe, suna cike gurbin matattu kawai. Janar Cogny, kwamandan Faransa na arewacin Biyetnam, a Hanoi da Navarre a Saigon kuma ba sa ga maciji. Amurka ta yi maganar aiko manyan jiragen B-29, shugabanta Eisenhower ya ce sai majalisa ta yarda kuma Ingila ta shiga, Firayim Ministan Ingila Churchill ya ƙi. Kowa ya zuba ido ga taron sulhu na Jeneba da aka buɗe ran 26 ga Afrilu, Giap ma agogon da yake kallo ke nan.

Injiniya Auwalu:
Ƙarshen Eliane 2 ma aikin haƙa ne. Sun yi kwanaki suna tona rami mai tsawon mita 40 da wani abu a ƙarƙashin tudun, iska ba ta isa ciki, fitila na mutuwa, ana fito da ƙasa a buhu da dare. Na sama suna jin ƙarar diga a ƙarƙashinsu ba abin da za su iya. Aka cusa nakiya kusan tan ɗaya, aka tayar daren 6 ga Mayu. Ramin bai kai daidai tsakiyar tungar ba, don haka bai share ta duka ba, sai da aka yi faɗa har asuba. Ran 7 ga Mayu da misalin ƙarfe 5 da rabi na yamma aka shiga ramin kwamandan sansanin, de Castries, wanda aka ƙara wa girma zuwa janar ana tsakiyar ƙawanyar. Isabelle ta gwada fasawa cikin dare, ba ta yi nisa ba.

Habu Ɗan Makaranta:
Waɗanda aka kama fa, Anti Dakta? Kuma su Biyet Min nawa suka rasa?

Dakta Hauwa:
An kama 11,721. An bar Faransa ta kwashe 858 masu munanan raunuka. Sauran aka tasa su a ƙafa, tafiyar kilomita 500 zuwa 600 cikin damina, mutanen da suka yi kusan wata biyu ba barcin kirki. Atuni, zazzaɓin cizon sauro da ciwon kumburin ƙafa na rashin sinadarin abinci suka yi ta ɗauke su a hanya da cikin sansanonin tsaro. Bayan wata huɗu 3,290 aka mayar. A lura, cikin gibin akwai 'yan Biyetnam da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda ba a bi da su ta hanyar musayar ba, don haka ba duka ne za a ce sun mutu ba. Amma waɗanda suka mutu a tsare sun fi waɗanda suka mutu a fagen daga, su wajen 2,000 da 'yan kai ne. Ɓangaren Biyet Min, hukumarsu ta ce 4,020 suka mutu, Faransawa na cewa wajen 8,000.

Alhaji Ɗan Damagaram:
Washegarin faɗuwar, 8 ga Mayu, aka fara zaman Indocina a Jeneba. Gwamnatin Firayim Ministan Faransa Laniel ta faɗi a Yuni, a Yuli aka raba Biyetnam gida biyu, arewa da kudu, a layin taswira na 17. Ran 1 ga Nuwamban shekarar Aljeriya ta kama da wuta.

Malam Ilu:
Malama, na ba ki shinkafarki, na ba Injiniya sheburinsa. Amma ku cire manyan igwogin Biyet Min 24 da bindigogin kakkaɓo jirage, ku bar Dakota na sauka kullum, ku gaya mini ko ba Na San za a maimaita ba.

Malama Rabi:
Allah ya gafarta Malam, cire kekunan tukuna, mu ga wanda zai ja igiyar da yunwa a cikinsa. Injiniya, a taimaka da lissafin tan nawa na harsashi igwa 24 ke ci a dare irin na 13 ga Maris, in kowane harsashi da kwansonsa ya kai kilo 20, sai mu raba da kayan keke ɗaya.